Dama Haka Zlatka Take

Ni da Zlatka ƙofa da ƙofa muke a hawa na biyar, a ɗaya daga cikin dogayen gidajen simintin nan da ke bayan tashar jirgin ƙasa a garinmu Ruse. Mun haura shekara talatin tare. Ranar da suka tare ma, kafin in san sunanta ta ƙwanƙwasa mini ƙofa tana haki, wai ko na ga wata jan jaka a kan matakala. Jakar kuwa tana rataye a kafaɗarta. Na nuna mata, ta duba, ta fashe da dariya, daga nan ta shigo ta zauna a kicin ɗina kamar tun fil azal mun san juna.

Gajeriya ce, mai saurin tafiya da saurin magana. In ta ɗauko maka labarin likitan haƙori, kafin ta kai ƙarshe kun biya ta bikin ƙanwar mijinta, kun leƙa kasuwar kifi, kun dawo kan farashin kabeji, haƙorin kuwa an bar shi a hanya. Tana budurwa ta so zama nas, amma jarrabawar shiga ta kayar da ita, ba don ba ta sani ba, sai don ta tsallake shafi guda ba ta lura ba. Ta yi aiki a masana'antar ɗinki, aka sallame ta. Ta yi a gidan waya, nan ma ba ta daɗe ba. Inda ta zauna daram shi ne sashen gaggawa na asibiti, tana shara tana tura gadon marasa lafiya, har ta yi ritaya. Can kam hayaniyar wurin ta dace da ita. In aka shigo da mutum jini na zuba, kowa na gudu, ita a lokacin ne hankalinta ke dawowa jikinta.

Mijinta Dancho makanikin injin jiragen ruwa ne a kogi. Dogo ne, ba ya son magana. Duk lokacin da za su fita, sai ya bari ta yi gaba, sannan ya koma ciki ya zagaya: murhu, famfo, dutsen guga, taga. Makullin gida a aljihunsa yake kwana. Ban taɓa jin ya ɗaga mata murya ba. Iyakarsa ya ce, "Guguwa, tsaya ki sa takalmi tukuna."

'Yarsu ɗaya, Vesela. Ta tafi Sifen aikin kula da tsofaffi kamar yadda rabin 'yan matan layinmu suka yi, ta bar musu 'yarta Nevena, wadda a lokacin da abin nan ya faru take aji uku a firamare.

Da kaka ta kama a shekarar, Dancho ya faɗo daga kan tsani yana tsinkar inabi a ɗan lambunsu na bayan gari, ƙugunsa ya karye. Aka yi masa aiki, daga nan aka tura shi wata cibiya a wani gari inda ake koya wa mutum tafiya. Aka ce sai ya yi makonni.

Gidan ya fara warwarewa tun makon farko. Wata rana na jiyo ƙauri a matakala, na buga ƙofa ba kowa, sai da na sauka na same ta a ƙasa tana taya wata maƙwabciya neman kyanwa, ta bar wake a kan wuta. Tukunyar sai dai shara. Wata rana ta manta ba ta je ɗauko Nevena daga wurin koyon rawa ba, malamar rawar ce ta kawo yarinyar har gida. Wanki ya kwana a inji har ya yi tsami. Wayarta kuwa mun taɓa samunta a firji, kusa da cuku.

Da can irin wannan abin dariya ne a wurinta. Yanzu ba ta dariya. Muna zaune a bayan gida muna gasa tattasai na miyar hunturu, hayaƙi na shiga mana ido, sai ta ce, "Radka, kin tuna mamata?"

Na tuna. Tsohuwar ta yi shekarunta na ƙarshe a ɗakin Zlatka, ba ta gane kowa. Takan kira 'yarta da sunan wata ƙanwarta da ta mutu tun zamanin yaƙi.

"Ita ma da tukunya ta fara," in ji Zlatka.

"Ke dai gajiya ce," na ce mata. "Dancho ba ya nan, ga yarinya."

"Jiya na tsaya a tsakiyar ɗaki da cokali a hannu, ban san abin da ya kawo ni ba. In na zama kamar mama, wa zai riƙe Nevena? Dancho da sanda?"

Na ci gaba da ɓare tattasai.

A cikin wannan halin ne makarantar su Nevena ta kira ta. Malamar ajin ta ce yarinyar ba ta maida hankali, kullum tana kallon wani wuri, ba ta kwafe abin da ke allo, in an tambaye ta sai ta yi firgigit. Aka ba Zlatka wata takarda ta cike a gida, malamar ma za ta cike irinta, sannan a kai wa likitar yara. Takardar farko ta ɓace tsakanin makaranta da gida. Da aka ba ta ta biyu, kai tsaye kicin ɗina ta kawo ta.

Tambayoyi ne a jere, kowace da gurbi huɗu a gabanta: ko kaɗan, jefi-jefi, sau da yawa, kusan kullum. Na sa tabarau ina karantawa, tana ba da amsa.

"Takan fara abu ta kasa ƙarasawa?"

"Nevena? Ai ko zane ta fara ba ta cin abinci sai ta gama. Sa ko kaɗan."

"Takan ɓatar da kayan da take bukata?"

"Ita ke nemo mini nawa."

"Takan yi kamar ba ta ji in ana mata magana?"

"Jefi-jefi. In ta gama waya da uwarta."

"Ƙaramin abu yakan ɗauke mata hankali? Takan katse mutane suna magana? Takan kasa jiran layi?"

A nan dariya ta kufce mini. Na ce, "Zlatka, anya wanda ya rubuta takardar nan ba a gidanki ya yi haya ba?"

Ba ta yi dariya ba. Ta karɓi takardar ta karanta da kanta tun daga sama, leɓenta na motsi, ta daɗe a kai fiye da yadda na taɓa ganin ta daɗe a kan wani rubutu.

Ni na raka su wurin likitar yara. Matashiya ce, mai haƙuri. Ta ajiye takardun biyu gefe da gefe. Ta malamar aji ta cika da sau da yawa da kusan kullum, ta gida kuwa kusan duk ko kaɗan.

"To wace ce ta yi ƙarya?" in ji Zlatka.

"Babu," in ji likitar. "Takardar nan ba alƙali ba ce, Goggo. Hanya ce ta yi wa duk wanda ke ganin yarinyar tambaya iri ɗaya, don mu ga inda maganarsu ta haɗu da inda ta rabu. Matsalar da muke nema, ta ƙarancin tattara hankali, ba ta zama a makaranta ta bar yaro ya dawo gida lafiya. Tana bin sa duk inda ya je, kuma ba rana ɗaya take farawa ba. In a aji kaɗai ake gani, kuma bana aka fara gani, sai mu duba wani wurin."

Ta zauna da Nevena su kaɗai, suka yi zane suka yi hira. Sannan ta tura mu wurin masu gwajin ido. Ashe yarinyar ba ta ganin allo daga kujerar baya inda aka mayar da ita bana saboda ta yi tsawo, kuma ta yi shiru don kada ta ƙara wa kakarta damuwa. Ga kuma kewar uwa, wadda likitar ta ce ita ma takan cinye hankalin yaro. Aka yi mata tabarau, aka dawo da ita gaba, aka tsara wa Vesela ranakun kiran waya waɗanda ba sa sauyawa. Kafin Kirsimeti malamar da kanta ta ce kamar an sauya yarinyar.

Amma ranar farkon nan, da muka miƙe za mu fita, Zlatka ta tura Nevena waje ta tsaya riƙe da ƙofa.

"Likita, akwai irin wannan takardar ta manya?"

"Akwai. Don wa?"

"Don wata tsohuwa da ke ƙona tukwane."

Likitar ta dube ta, ba ta yi murmushi ba. Ta rubuta mata sunan wani abokin aikinta, Likita Kolev, wanda ke duba manya.

Kolev dattijo ne mai gashin gira kamar tsintsiya. Ya saurari labarin wake da firji da mahaifiyarta bai katse ta ba, ko da yake labarin ya biya ta wurare da dama. Ya sa aka ɗebi jininta don a duba cutar maƙoƙo da sauran abubuwan da kan jawo mantuwa. Ya tambaye ta barci, ya tambaye ta baƙin ciki. Ya sa ta zana agogo, ya faɗa mata kalmomi ya ce ta riƙe, can daga baya ya tambaye ta, ta kawo su duka. Sannan ya ba ta takardu uku: ɗaya ta cike da kanta, ɗaya mijinta, ɗaya kuma wanda ya san ta tun ba ta kai shekara sha biyu ba.

"Wannan ta ukun ita ce babba," in ji shi. "In tun kina yarinya haka kike, magana ɗaya ce. In kuwa bana abin ya fara, wata maganar ce daban, sai mu bi ta wata hanya."

Muka hau mota muka je wurin Dancho. Muka same shi a baranda da keken koyon tafiya, ya rame. Zlatka ta ciro masa banitsa, wainar fulawa mai cuku da ta gasa, gefe ɗaya ya ɗan yi baƙi, ya cinye abinsa. Ta miƙa masa takardar da fensir. Ya karanta, ya bi layi yana sa alama, nan da nan ya gama. Na leƙa. Ko kaɗan, ko kaɗan, ko kaɗan, tun daga sama har ƙasa.

"Dancho," na ce, "ka ji tsoron Allah. Takan ɓatar da kaya, ka sa ko kaɗan?"

"Yaushe ta taɓa ɓatar da makulli?"

"Ai ba ka taɓa ba ta shi ba."

"To ni dai ba zan kai ƙarar matata wurin likita ba. Me ta yi wa wani?"

Zlatka ta jawo kujera ta zauna a gabansa. A hankali ta yi maganar, abin da ba ta saba ba.

"Ba ƙara ba ce. In ka ce da lafiyata ƙalau, za su ce abin sabo ne. In sabo ne kuwa, ka san ko mene ne. Ka ga mama. Ka taimake ni ka faɗi yadda nake."

Ya juya ya kalli bishiyoyi. Can ya ce in ba shi abin gogewa. Ya goge duka, ya faro daga farko, yana daɗewa a kan kowace tambaya. Da ya zo kan wadda ke tambaya ko takan bukaci wani ya riƙa tuna mata al'amuran yau da kullum, sai ya ajiye fensirin a cinya.

"Ni ban taɓa ɗaukar sa aiki ba," ya ce. "Zagayen gidan nan da nake yi. Kamar dai mutum ya ɗaura agogo ne."

"Na sani," in ji ta. "Sa kusan kullum."

Ya sa.

Saura ta ukun. Iyayenta sun rasu, yayanta ma haka. Sai da muka yi kwanaki muna lalube kafin Zlatka ta tuna da malamarsu ta firamare, Malama Peneva, a ƙauyensu da ke hanyar Razgrad. Ta kira wata 'yar ƙauyen, aka ce tsohuwar tana nan da ranta, ta doshi casa'in, ido ya yi rauni amma baki na nan.

Muka same ta a bakin murhun itace, da bargo a gwiwa. Zlatka ta durƙusa kusa da ita, muryarta ta koma ta yarinya.

"Malama, ba lalle ki tuna ni ba. Zlatka ce, 'yar Marin mai injin niƙa."

Tsohuwar ta kamo fuskarta da hannu biyu ta matso da ita kusa da idonta.

"Ke ce wadda ta zo bikin rufe makaranta da takalmi ƙafa ɗaya baƙi, ƙafa ɗaya ja?"

"Ni ce, Malama."

"A zamaninku Kwamared kuke ce mini. Zauna. Har yanzu kina yawo a cikin kanki?"

Na yi mata bayanin abin da ya kawo mu, na fara karanta tambayoyin da ƙarfi. Ba ta ko tsayawa tunani.

"Takan kasa zama wuri ɗaya?"

"Kamar an zuba mata tururuwa a kujera. Me ya fi yawa a gurbin nan naku? Sa shi."

"Takan manta aikin gida?"

"Takan yi shi, ta bar shi a kan teburin uwarta. Ko ta yi na jibi ta bar na gobe."

"Ƙaramin abu yakan ɗauke mata hankali?"

Tsohuwar ta yi dariya har da tari. "Akwai sheƙar shamuwa a kan turken lantarki daura da tagar ajinmu. Yarinyar nan ta san ranar da kowane ƙwai ya fashe, amma ba ta san shafin da muke ba. Na ɗauke ta daga taga na kai ta jikin bango, sai ta koma nazarin tsagar bango. Ta ce mini wai ta yi kama da kogin Dunab."

"Ta yi kama kuwa," in ji Zlatka.

"Rufe mini baki, ana magana." Ta juyo wajena. "Rubuta cewa tana katse mutane."

Da muka gama, ta sa jikarta ta kawo mana shayin ganye da zuma. Ta riƙe hannun Zlatka ba ta saki ba.

"Na sha buga miki rula a hannun nan," ta ce. "A lokacin suna ɗaya muke da shi ga yara irinki, malalata. Amma ni na san ba lalaci ba ne, don malalaci ba ya kuka in ya manta littafi. Ban dai san me zan kira shi ba. To yanzu sun samo masa suna?"

"Suna nema, Malama. Ni dai abin da nake so in ji, tun da can haka nake?"

"Tun ranar da uwarki ta kawo ki. Ba abin da ya ƙaru, ba abin da ya ragu."

A motar komawa Zlatka ta ba ni takardar ta ce in sa a jakata, kada ta taɓa ta. Ta jingina kai da gilashi ta yi kuka mai isarta, har wani fasinja ya miƙo mata hankici. Ya tambaya ko rasuwa aka yi. Ta ce a'a, labari mai daɗi ta samu, an ce mata tun tana ƙarama ba ta da natsuwa. Mutumin ya koma kujerarsa bai sake waiwayowa ba.

Likita Kolev ya baje takardun uku a tebur, ya haɗa da sakamakon jini, ya sake yi mata tambayoyi masu yawa game da wuraren da ta yi aiki da yadda ta bar su. Sai a zama na gaba ya faɗi ra'ayinsa. Ya ce duk abin da ya gani ya nuna matsalar ƙarancin tattara hankali ce da ta taso da ita, kuma bai ga alamar cutar mahaifiyarta ba. Abin da ya sauya bana ba ƙwaƙwalwarta ba ce, mutumin da ke tare mata ɓaraka ne ya kwanta. Ya ce duk da haka ta dawo bayan shekara a sake gwada tunaninta. Game da magani kuwa, saboda hawan jininta ya ga a dakata, a fara da gyara tsarin gida.

Na zaci murna za ta yi ta yi. Ta yi ta kwana biyu, sai fushi ya biyo baya. Takan shigo kicin ɗina ta zauna ba ta ko cire kwat.

"Shekara sittin ina ce wa kaina sakarya, Radka. Kowace safiya. Da wani ya zaunar da ni ya ce juya shafin nan ki duba bayansa, da yanzu fanshon nas nake ci."

"Da kin zama nas da ba ki haɗu da Dancho a layin gidan waya ba."

"Kada ki lallashe ni. Bar ni in ji haushi tukuna."

Na bar ta. Fushin ya ɗauke ta kusan duk hunturun.

Dancho ya dawo da sanda, ba ya iya zagayen da ya saba. Surukina ya zo ya sa musu murhu mai kashe kansa. Aka kafa ƙusa ɗaya a bakin ƙofa, makulli ba ya kwana ko'ina sai nan. Wayarta ta cika da ƙararrawar tuni kamar coci ranar Ista: ta wanki, ta zuwa ɗauko Nevena, ta maganin Dancho, wanda yanzu ita ke ba shi. Wasu dabarun sun zauna, wasu ba su kai mako ba. Takan je wani zama da ake yi a asibitin, ita da wasu masu irin matsalar, yawancinsu sa'annin 'yarta. Ta ce ba ta taɓa shiga ɗakin da kowa ke katse kowa kuma ba mai jin haushi ba sai can.

Da shekara ta zagayo aka sake gwada ta, ba abin da ya ragu. A hanyar dawowa muka zauna a bakin kogi muna cin masara dafaffiya, sai ta ce ta yanke shawara, in an yi hutun makaranta za ta kai Nevena Sifen ta ga uwarta. Su biyu kawai. Ba ta taɓa hawa jirgin sama ba.

Dancho ya ƙi. Ya ce za ta bar fasfo a bayan gida, za ta hau jirgin da zai kai ta wata ƙasa. Suka yi mako suna ja-in-ja, karo na farko da na taɓa jiyo muryarsa ta bango. A ƙarshe shi ya zauna ya ɗinka mata 'yar jaka ta rataya a wuya, da zaren da yake ɗinke tamfol da shi a jirgin ruwa.

Ni da shi muka raka su tashar motar Sofiya, babban birnin da za su hau jirgin. Da motar ta tashi ya daɗe a tsaye dogare da sanda, sannan ya ce in zo mu tafi, ƙafarsa ta gaji. Washegari da rana hoto ya shigo wayata: Vesela ta rungume 'yarta har tabarau ya karkace, Zlatka kuma a gefe, rabin fuskarta ya fita daga hoton, tana nuna wa wani abu yatsa a cikin teku.